Daga Rijiyar Tudun Wada Zuwa Tafkin Nyos: Yadda Dutse Mai Aman Wuta Ke Kisa

Ina yaro, a gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, duk shekarar da bazara ta yi tsanani ruwan rijiya ya ja baya, sai a kira wani dattijo mai yasa. Ba ya taɓa zura ƙafa a rijiya sai ya kunna aci-balbal, ya ɗora ta cikin guga, ya riƙa sassauta igiya yana leƙe. Wata shekara fitilar ba ta kai ga ruwa ba sai harshen wutar ya lafa, ya mutu, alhali ko ganye ba ya motsi a tsakar gida. Ya jawo ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Sai ya naɗe igiyarsa ya ce wa mahaifinmu, "Alhaji, yau babu shiga. A bar ta a buɗe ta sha iska, in Allah ya kai mu jibi na dawo." Na ce, "Baba, mene ne a ciki?" Ya ce, "Yaro, abin da ya kashe fitila shi ke kashe mutum, kuma ba a ganinsa."

Sai da na girma na san sunan abin. Iskar kabon dayoksaid ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take neman rami ta kwanta kamar ruwa. Ita ce kuma ta yi kisa mafi muni da dutse mai aman wuta ya taɓa jawowa a maƙwabtanmu.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta, 1986, wajen ƙarfe tara na dare, mutanen da ke kusa da tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru suka ji wani rugugi kamar na hadari daga nesa. Babu wuta, babu hayaƙi. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu, tare da dabbobi kimanin 3,500, yawancinsu shanun Fulani makiyaya. An tarar da mutane kwance a kan gadajensu, wasu a bakin ƙofa, wasu kusa da murhun da ya mutu da tukunya a kai. Waɗanda suka fara shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum sun ba da labarin cewa ko kukan tsuntsu babu, ko ƙuda bai sauka a kan gawa ba, don ƙudajen ma sun mutu. Wasu suma suka yi, suka farfaɗo bayan sa'o'i masu yawa, suka tarar babu mai numfashi a gidan sai su.

Tafkin Nyos a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta yake zaune, zurfinsa ya haura mita 200. Dutsen ya daɗe da daina aman wuta, amma narkakken dutsen da ke can ƙarƙashi bai daina fitar da iska ba. Iskar ta riƙa narkewa cikin ruwan ƙasan tafkin shekara da shekaru, nauyin ruwan sama ya danne ta, daidai da yadda murfi ke danne gas a kwalbar lemo. A daren nan wani abu ya motsa ruwan ƙasan, kuma masana da yawa sun fi karkata ga cewa zaftarewar dutse ce. Ruwan ya taso sama, murfi ya buɗe. Iskar ta fito ta gangara cikin kwaruruka, ta kai nisan kilomita 20 da ɗoriya, tana korar iskar numfashi duk inda ta bi. Waɗanda gidajensu ke kan tudu suka tsira, na cikin kwari suka tafi. Shekara biyu kafin haka, a watan Agustan 1984, tafkin Monoun a Kamarun ya yi irin wannan ya kashe mutum 37, amma duniya ba ta ɗauki darasin da wuri ba.

Na fara da Nyos ne da gangan. Da zarar an ce dutse mai aman wuta, abin da ke faɗo mana a rai shi ne jar wuta tana malala kamar yadda ake nunawa a talabijin. Wannan wutar kuwa tana cikin mafiya ƙarancin kisa a abubuwan da dutsen ke fitarwa. Masu ɗaukar rayuka da yawa sukan zo ne da siffar iska, ko taɓo, ko toka, ko yunwa, kuma sukan riski mutanen da ko ƙwanƙolin dutsen ba sa hangowa.

Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san rabin ilimin. Idan kunu mai ruwa-ruwa yana tafasa, kumfa yake yi ya zubo ta gefen tukunya salin-alin. Talge mai kauri kuwa riƙe tururi yake yi, sai ya kumbura ya fashe, ya fantsamo wa mai tuƙi a hannu. Haka narkakken dutse yake a cikin ƙasa. Akwai mai ruwa-ruwa da iska ke fita daga cikinsa da sauƙi, shi ne ke malala ya yi kogi. Akwai mai kauri da ke riƙe iska har matsi ya kai maƙura, sannan ya tarwatsa dutsen, ya watsa toka kilomita 30 ko 40 zuwa sama. Duwatsun da ake ganin za su iya aman wuta a doron ƙasa sun kusa 1,500, kuma kusan kowane lokaci akan sami 40 zuwa 50 suna cikin yi. Mutanen da ke zaune cikin tazarar kilomita 100 daga irinsu sun kai kimanin miliyan 800.

Yara kan tambaya ko Kufena zai iya yin aman wuta wata rana. Ba zai yi ba. Kufena da 'yan'uwansa da ke warwatse a ƙasar Zazzau dutse ne da ya sandare a can cikin ƙasa tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, ruwa da iska suka zaizaye abin da ke rufe da shi ya fito fili. Amma Nijeriya na da tsofaffin duwatsun aman wuta. Wanda ya bi hanyar Mangu zuwa Panyam da Kerang a Filato zai ga tuddai masu siffar mazurari a kife. A ƙasar Biu ma suna nan, kuma tafkin Tila a cikin bakin ɗaya daga cikinsu yake. Duwatsun Biu reshe ne na wani dogon layi mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran cikin teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya ratsa yankin Nyos zuwa tuddan Adamawa. Shi Dutsen Kamaru, mai tsayin fiye da mita 4,000, yana raye. Ya yi aman wuta a 1999 har narkakken dutse ya datse titin bakin teku a yammacin Limbe, ya sake yi a 2000.

Malalar wuta gida da gona take ci, amma yawanci tana ba mutum damar ɗaukar 'ya'yansa ya gudu. Malamanmu na cikin birni sun san labarin wutar Hijaz ta shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256. An kwana da yawa ana girgizar ƙasa a Madina, sannan ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin birnin, narkakken dutse ya yi ta kwarara kusan kwana 52, ya ci tazarar kilomita 20 da 'yan kai, ya tsaya bai shiga birnin ba. Malaman tarihi irin su Abu Shama da Ibnu Kasir sun rubuta yadda jama'a suka taru a Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna tuba da addu'a, kuma malamai da dama sun danganta wutar da hadisin da ya yi maganar wata wuta da za ta fito daga Hijaz ta haskaka wuyan raƙuma a Busra. Baƙaƙen duwatsun nan masu kaifi da alhazai ke gani a kewayen Madina, waɗanda Larabawa ke kira harra, sandararren aman wuta ne.

Inda malalar ta zama abin tsoro sosai shi ne dutsen Nyiragongo a gabashin Kwango, don narkakken dutsensa tsinkakke ne ƙwarai, a 1977 ya yi gudun da ya kai kilomita 60 a awa. Ranar 17 ga Janairu, 2002, ya ratsa tsakiyar birnin Goma, ya cinye wani ɓangare na titin saukar jirage, ya gangara cikin tafkin Kivu. Mutum kimanin 400,000 suka tsere, da yawansu zuwa Ruwanda. Cikin waɗanda suka rasu akwai gomman mutane da wani gidan mai ya fashe da su suna ɗibar fetur, abin da duk wanda ya tuna Majiya ta Jigawa a 2024 zai ji a jikinsa. Ya sake ɓallewa a watan Mayun 2021 ya kashe fiye da mutum 30, a daidai lokacin da cibiyar da ke sa ido a kansa ta yi watanni tana fama da rashin kuɗin aiki. Mutanen Goma suna da kalma ga iskar da dattijonmu mai yasa ke gudu. Mazuku suke ce mata, wato muguwar iska, tana taruwa a ramuka ta kashe yara da awaki ko dutsen yana barci.

Dutse mai kaurin ciki ba ya ba da wannan damar. Idan ya fashe, yakan sako guguwar toka da iska mai zafin ɗaruruwan digiri, tana bin gangare da gudun da mota ba ta kamo shi. Ita ta shafe birnin Saint-Pierre a tsibirin Martinik ranar 8 ga Mayu, 1902, mutum kusan 28,000 cikin 'yan mintuna. Cikin 'yan ƙalilan da suka rayu har da wani fursuna da kaurin bangon kurkuku ya kare. A 1883 kuma Krakatowa ta Indunusiya ta kashe fiye da mutum 36,000, mafi yawansu igiyar teku ce ta cinye su a garuruwan gaɓa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Armero a ƙasar Kolombiya. Dutsen Nevado del Ruiz yana da ƙanƙara a kansa saboda tsayi. Ranar 13 ga Nuwamba, 1985, da misalin ƙarfe tara na dare, ya yi aman da a ma'aunin masana ƙarami ne. Zafin ya narkar da wani ɓangare na ƙanƙarar, ruwan ya haɗu da toka da duwatsu da itatuwa, ya zama taɓo mai kaurin kwaɓin siminti, ya bi kwarin kogi yana ƙara yawa. Mutanen Jaba ta Indunusiya lahar suke kiran wannan, kuma sunan da masana suka ara ke nan. Sai da taɓon ya yi kimanin awa biyu da rabi a hanya kafin ya iso Armero. Awa biyu da rabi ta ishi tsoho mai sanda ya hau tudun da ke bayan gari. Wata guda kafin nan masana sun fitar da taswirar da ta nuna ƙarara cewa garin yana kan hanyar taɓo, kuma tarihi ya nuna an yi irinsa a wurin a 1845. Duk da haka aka yi ta kwantar wa mutane da hankali, ana cewa su zauna a gida su rufe ƙofa saboda toka. Fiye da mutum 20,000 suka mutu a garin mai mutum kusan 29,000, jimillar yankin kuma ta kai 23,000.

Mu nan mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne ajali na hannun Allah. Sai dai wannan maganar ba ta wanke wanda aka miƙa wa taswira ya jefa ta cikin durowa. Shekara shida bayan Armero, Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman da ya ninka na Ruiz nesa ba kusa ba, ranar 15 ga Yuni, 1991. Masana sun yi makonni suna auna girgiza da iskar farar wuta da dutsen ke fitarwa, hukuma ta saurare su, aka kwashe dubun-dubatar mutane kafin ranar. Waɗanda suka rasu ba su kai 1,000 ba.

Kuma abin da ya kashe da yawa daga cikinsu zai ba mazaunin Zariya mamaki, don rufin ɗaki ne. Tokar dutse ba irin ta murhu ba ce da ake hurawa ta tashi. Garin dutse ne da gilashi, mai kaifi, mai nauyi, ba ya narkewa a ruwa. An yi rashin sa'a guguwar ruwan sama ta faɗo wa yankin a ranar, tokar ta jiƙe a kan rufi. Toka mai kaurin santimita 10 idan ta sha ruwa nauyinta kan wuce kilo 100 a kan kowane murabba'in mita. A ƙaddara an jera buhunan masara a kan kwanon gida, buhu na gogar buhu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk wanda ya taɓa ganin soron ƙasa ya sha markar Agusta har azara ta karye a Kwarbai ko Ƙofar Doka ya san ƙarshen zancen. Mutane sun fake a ɗaki don gudun toka, ɗakin ya rufto musu.

Tokar da ba ta kashe ba takan wahalar. Mun san yadda ƙurar hunturu ke tayar wa masu asma da ciwo, to wannan ta fi ta kaifi a huhu da ido. Tana gurɓata rijiya da tafki, tana binne shuka, tana lalata injin. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan Zariya suna da dalilin sanin labarin jirgin British Airways samfurin Boeing 747 da ya shiga tokar dutsen Galunggung na Indunusiya da dare a watan Yunin 1982. Injinansa huɗu duka suka mutu, ya yi ta gangarowa na mintuna kafin su sake kamawa. Zafin cikin injin jirgi ya fi wanda ke narkar da toka, sai ta narke ta manne kamar gilashi ta toshe shi. Wannan tsoron ne ya sa a watan Afrilun 2010, da wani dutse ya yi aman toka a Aisilan, aka soke tashin jirage kimanin 100,000 a Turai, har manoman furanni a Kenya suka riƙa zubar da kayansu. A watan Nuwamban 2025 dutsen Hayli Gubbi na Habasha, wanda babu wani tarihin amansa a rubuce, ya farka, tokarsa ta tsallaka Bahar Maliya ta bi ta Yaman da Oman har Indiya.

Makiyayi kuma da wata fuskar abin ke zuwar masa. A 1783 ƙasa ta tsage a Laki ta Aisilan, ta yi wata takwas tana fitar da wuta da iska mai guba. Sinadarin filorin da ke cikin iskar ya sauka a kan ciyawa, dabbobi suka ci, haƙoransu suka lalace, ƙasusuwansu suka kumbura. Kusan rabin shanun ƙasar suka mutu, tumaki kuwa kusan kashi 80 cikin 100. Yunwar da ta biyo baya ta tafi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar.

A nan ne maganar ta iso gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi. Idan aman ya yi ƙarfi, iskar farar wuta takan haura sama da inda gajimare ke tsayawa, ta zama wani siririn hazo da ke mayar da hasken rana baya, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana kewaya duniya. Pinatubo ya tura tan miliyan 15 zuwa 20 na wannan iska, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri. Tambora ta Indunusiya da ta fashe a watan Afrilun 1815, zamanin Malam Musa yana sarautar Zazzau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana raye, ta kashe dubun-dubatar mutane a tsibiran kusa, yawanci ta hanyar yunwa da cuta. A shekarar da ta biyo, 1816, amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka saboda sanyi. Mu kuwa ba sanyi ne abin tsoronmu ba, damina ce. Ruwanmu yana zuwa ne idan ƙasar arewa ta ɗau zafi ta jawo iska mai laima daga teku. Idan hazon farar wuta ya fi yawa a arewacin duniya ya sanyaya shi, sai damina ta kasa haurowa yadda ta saba. Bayan Laki kogin Nilu ya ƙi cika, aka yi yunwa mai tsanani a Masar. Masana yanayi kuma sun nuna cewa aman El Chichón na Meziko a 1982 ya ƙara wa farin 1983 da 1984 tsanani a yankin Sahel, ko da yake canjin zafin tekuna na cikin manyan dalilan wancan farin. Dattawanmu da suka ga yadda aka karyar da shanu a wancan lokacin ba su san wani dutse a Meziko yana da hannu a ciki ba.

Mai karatu zai ce, to me ya zaunar da mutane a gindin irin waɗannan duwatsu? Ƙasa ce. Tokar da ke kashe shuka bana ita ce takin jikoki. Dankalin Turawa da masarar da ake lodi daga yankin Mangu suna cin albarkar tsohuwar toka, haka ayaba da kwakwar manja da shayi a gindin Dutsen Kamaru. Kenya na samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na lantarkinta daga tururin ƙarƙashin ƙasa a irin su Olkaria. Ba wauta ke sa talaka ƙin tashi ba, lissafi ne, don in ya bar gona da garke bai san abin da zai ci gobe ba. Da dutsen Merapi ya tashi a Indunusiya a 2010 aka kwashe mutum fiye da 300,000, sai aka ga wasu suna saɗaɗawa suna komawa don ba shanunsu ciyawa. Dole gwamnati ta yi alkawarin sayen shanun ko biyan diyyarsu. A ganina duk shirin kwashe jama'a da bai yi tanadin dabba ba, a ƙasar makiyaya, bai cika shiri ba.

Tafkin Nyos bai gama da mu ba. Ta gefen arewa, abin da ke tare ruwansa wani bango ne na tsohuwar toka da tsakuwa da suka dunƙule, kuma ruwa ya daɗe yana cin sa a hankali. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da suka duba shi a 2005 sun yi gargaɗin zai iya karyewa. In ya karye, ruwan zai bi kwari ya faɗa kogin Katsina-Ala, ya shigo Taraba da Binuwai. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, kuma babban dalilin gina madatsar ruwa ta Kashimbila a kusa da Takum ke nan, don ta tare ambaliyar idan ta zo. Lantarkin megawat 40 da aka tsara ta bayar riba ce a kan uwar kuɗi. Ragowar aikin shi ne sa ido, irin wanda cibiyar auna motsin ƙasa da ke Toro a Bauchi da sassan ilimin duwatsu na jami'o'inmu, har da na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, za su iya yi idan an ba su kayan aiki. Girgizar Kwoi ta 2016 da ta Mpape a Abuja ta 2018 ba aman wuta ba ne, amma sun nuna mana yadda jita-jita ke riga bayani isa gari idan na'urar awo ta yi ƙaranci.

Ita iskar kuwa an samo mata dabara mai sauƙi. A 2001 aka zura dogon bututu daga kan wani kwale-kwale zuwa ƙasan tafkin Nyos. Da aka fara jawo ruwan ƙasan, sai iskar da ke cikinsa ta riƙa kumfa tana tunkuɗo shi sama da kanta ba tare da injin ba, yana feshi mita gommai a sararin sama, iskar tana fita kaɗan-kaɗan yadda ba za ta cutar ba. A 2011 aka ƙara bututu biyu. Tafkin Kivu da Goma ke bakinsa ya fi Nyos girma nesa ba kusa ba, yana ɗauke da wannan iskar haɗe da gas mai kamawa da wuta, kuma mutum kimanin miliyan biyu ke zaune a kewayensa. Ruwanda ta fara zuƙo gas ɗin tana yin lantarki da shi. A kwarin Nyos kuma, mutanen da aka kwashe zuwa sansanoni bayan 1986 da yawansu sun koma da iyalansu da shanunsu, don ƙasar na da albarka kuma a can kaburburan iyayensu suke. An kafa musu na'urar auna iska mai jiniya a kusa da tafkin, aka kuma koya musu cewa in ta yi kuka kada kowa ya bi kwari, tudu za a hau.